Wai meye amfanin 'yan kwana-kwana in sai wuta ta gama ci za su zo?

DanTudunWada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da tambaya na zo, kuma don Allah kar wani ya ce zagi na yi. Daren jiya wajen ɗaya da rabi gobara ta tashi a layinmu nan Zariya, daga shagon wani tela ta fara, kafin a ankara ta tsallaka shagon mai tireda da ke jikinsa. Muka fito kowa da bokitinsa ana ja daga rijiyar maƙwabta ana miƙawa hannu da hannu, wani ɗan ga-ruwa da ya kwana da ruwa a kurarsa ya juye mana duka jarkokinsa ko sisi bai karɓa ba, Allah ya saka masa. Motar kwana-kwana ba ta iso ba sai da kwano ya rufta. Da ta zo ɗin ma ban jin ta yi minti goma tana feshi aka ce ruwa ya ƙare, direba ya ja mota zai juya yara suka bi ta da jifa har gilashin gefe ya tsage. Ni ban yi jifa ba amma wlh raina ya ɓaci, kekunan ɗinki huɗu da ankon bikin mutane duk sun zama toka, telan nan yana zaune bakin kwata ko kuka ya kasa. To ni dai a faɗa min, meye amfanin mutanen nan? Akwai wanda suka taɓa yi wa rana a gidan nan ko kuwa jiniya ce kawai?

Maman_Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar musu da alheri. Ba a rasa rai ba dai ko?

DanTudunWada:
Alhamdulillah ba rai. Yaron da ke kwana a shagon ya je gida duba mahaifiyarsa ranar, ka ga ikon Allah.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
Kai ma dai da neman magana. Ai aikinsu kenan, wankin toka. Tun ina yaro nake jin "sun zo ba ruwa", yanzu ga furfura a gemuna ba abin da ya canza.

Baba_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa telan da mafi alheri. Ni na yi wannan aikin har na ajiye, don haka in na yi magana a yi haƙuri, ba kare kowa zan yi ba. @DanTudunWada ɗana tambaya uku zan maka kuma ka je ka bincika kafin ka ba ni amsa. Ƙarfe nawa wutar ta tashi? Ƙarfe nawa aka kira? Wa ya kira?

DanTudunWada:
Baba ni dai na san an kira, tunda ai ga shi sun zo.

Baba_Mai_Ritaya:
A'a, je ka tambaya. Ina nan.

Injiniya_Samaru:
Kafin ya dawo bari in taɓa maganar "ba ruwa" ɗin nan don kullum tana ba ni haushi. Mutane sun ɗauka motar kwana-kwana dam ɗin Shika ta ɗauko a bayanta. Tanki ne fa. A ce yana cin lita 5,000, a ce an buɗe mesa biyu kowacce tana fitar da lita 500 a minti ɗaya, ku yi lissafi da kanku, minti 5 ya ƙare ƙaf. Ba wai ta zo da rabin tanki ba ne, haka abin yake a ko'ina a duniya. Bambancin, a garuruwan da aka tsara akwai bakin famfo na musamman a gefen titi da ake jona mota da shi ruwa ya yi ta zuwa ba yankewa, ruwan tankin na fara aiki ne kawai kafin a jona. Mu kuwa nan famfon gidanka ma yaushe rabonka da ganin ɗigo? Dole mota ta juya ta je ɗibo, kai kuma ka ɗauki dutse.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
To Injiniya laifin wa kenan? Nawa?

Injiniya_Samaru:
Ba naka ba ne, amma ba na direban da aka fasa wa gilashi ba ne shi ma.

Bazazzagi_Na_Asali:
Ku kuna maganan ruwa, mu a cikin birni motan ma ina zai bi? Lungun gidanmu a Kwarbai in mai kura ya shigo sai ɗan acaɓa ya koma da baya. Shekarun baya wuta ya kama soron wani maƙwabcinmu, motan ya tsaya can bakin titi, suka yi ta jona mesa kan mesa har uku ko huɗu suna ja ta cikin zauren mutane kafin ya kai. Na gansu da idona, ɗaya ya hau katanga da mesa a kafaɗa azara na faɗowa gefensa. Wlh tun ranan na daina zaginsu. Kuma kowa ya samu kuɗi sai ya ci taku biyu daga cikin hanya ya yi dakali ko shago, ran da abu ya faru a ce mota bai zo ba.

Bakano_A_Kongo:
"Motan bai zo ba" 😂 Bazazzagi mota CE, ba mota NE ba. Ku gyara Hausa tukun sai a turo muku mota.

Bazazzagi_Na_Asali:
Ka ji bawanmu. Ilimi ka zo nema garinmu ka yi shiru ka ɗauki darasi.

Bakano_A_Kongo:
Wasa a gefe, maganarka gaskiya ce. Mu a Kano mun ga abin da ya fi haka. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 cikin dare ta tashi, dubban shaguna suka tafi, mutanen da suka kwana da jarin miliyoyi suka wayi gari sai rigar jikinsu. Motoci sun zo, amma kasuwar da aka cike hanyoyinta da tebura da rumfunan katako ta ina za a ratsa? Ina shiga kasuwar Sabon Garin nan taku sayayya, in na ga yadda wayoyin wuta suka sarƙe a sama kamar taliya sai gabana ya faɗi. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa.

MaiShago_SG:
Wannan gaskiya ne kuma ni ɗan kasuwar ne ba zan ɓoye ba. Mutum ɗaya zai ja waya daga maƙwabci, wani ya ja daga nasa, duk a siririyar waya guda, a ɗora firij a ɗora fanka a ɗora dutsen guga. A tashi da yamma wuta ba ta nan, ba wanda ya tuna ya kashe komai, ƙarfe biyun dare a kawo ta da ƙarfi. Ni yanzu ko gaggawar me nake sai na sauke babban makunni kafin in sa kwaɗo, yarana har dariya suke min.

DanTudunWada:
Baba na dawo, kuma gsky kunya ta kama ni. Na tambayi mutum shida a layin, kowa ya ce shi ya ɗauka wani ya kira. Ashe ba wanda ke da lambarsu ma. Wani ɗan acaɓa ne da ya ga abin ya fi ƙarfinmu ya hau mashin ya je har ofishinsu ya faɗa musu da baki. Mai shayin bakin layi ya ce tsakanin tashin wutar da tafiyar ɗan acaɓan an fi minti arba'in. Amma fa bidiyo kam na ga kusan guda goma a sitatus ɗin mutane tun kafin asuba.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
Hmm.

Baba_Mai_Ritaya:
Yauwa ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya, wani da shiru zai yi. Abin da nake so ku gane kenan. Wuta a ɗaki mai yadi da katifa da silin ba ta jiran kowa, cikin 'yan mintuna kaɗan hayaƙin da ya taru a sama zai yi zafin da komai na ɗakin zai kama lokaci guda. Bayan minti arba'in ba shagon tela muke zuwa ceta ba, ya riga ya tafi. Na kusa da shi muke zuwa tarewa. Shi ya sa za ka ga mun iso mun juya wa wutar baya muna jiƙa bangon maƙwabci, mutane su yi ta ihu "ga wuta can kuna zuba ruwa a nan!" To wanda ya ƙone ya ƙone, ɗan ruwan da ke tankin in ka zuba shi cikin tsakiyar wuta tururi kawai zai zama. Ka duba min, shago na uku a layin naku ya kama?

DanTudunWada:
Bai kama ba Baba. Kemis ne, bangon ya yi baƙi dai kuma allon sunan ya narke.

Baba_Mai_Ritaya:
To ka je ka tambayi mai kemis ko suna da amfani.
Sannan maganar jifa. An taɓa fasa min goshi da dutse ina riƙe da mesa, har yau tabon na nan, jikokina na tambaya in ce musu faɗuwa na yi. Mutumin da ka taso daga shimfiɗa cikin sanyin nan ya zo ya shiga hayaƙi don dukiyar da ba tasa ba, albashinsa kuwa kar ma a yi maganar, ka bi shi da dutse. Gilashin da aka fasa jiya wata nawa za a yi kafin a sa wani? Gobe in gidan mai jifan ne fa?

Maman_Hanif:
Allah sarki Baba. Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
Baba da girmanka, na yarda jifa hauka ne. Amma kar a wanke gwamnati tas a ɗora mana. Zariya da Sabon Gari ƙananan hukumomi biyu ne, daga Dan Magaji zuwa Shika, daga Wusasa zuwa Basawa da Dakace, ka duba girman garin nan da yadda yake ƙara faɗi kullum. Ko da an kira a minti na farko, motar da za ta taso ta ratsa cunkoson PZ ko Kwangila da rana tsaka yaushe za ta iso? Ya kamata a ce kowane yanki da ƙaramar tasharsa ko da mota ɗaya ce da rijiyar burtsatse da tankin sama. Kuɗin da ake kashewa a taron siyasa ɗaya ya isa.

Baba_Mai_Ritaya:
A nan kam ba mu da faɗa. Ka faɗa da ƙarfi ma.

Ɗalibar_ABU:
Don Allah tambaya, wai su na jiha ne ko na tarayya? Na ga kala-kalar motoci.

Injiniya_Samaru:
Duka akwai. Akwai hukumar kashe gobara ta tarayya a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, asalinta tun 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sandan Legas, dokar da ta tsayar da ita da ƙafarta kuma ta 1963 ce. Sannan kowace jiha da tata. Bayan su manyan wurare kan ajiye nasu, kamar kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, filin jirgi ai ba ya aiki sai da motar kashe gobara a tsaye. In gobara ta yi girma sukan kai wa juna ɗauki.

Ɗalibar_ABU:
Na gode Yaya. Ni kuma sunan ne ke ba ni dariya, kwana-kwana. Wai don suna kwana a wajen aiki ne?

Bakano_A_Kongo:
Don sai an kwana an kwana suke zuwa 🏃🏾‍♂️

Admin_Zazzau:
Bakano zan cire ka fa 😄 Baba na nan.

Hajiyar_Gyallesu:
Ni bari in ba ku nawa don mata su ji. Azumin bara ina suyar ƙosai gab da magariba, wayata ta yi ƙara a ɗaki na ce bari in ɗauko, 'yar uwata ce daga Kaduna muka tsaya gaisuwa. Ina dawowa na tarar man ya kama, wuta na tashi daga kaskon kamar tsayin yaro. Wlh kaina ya ɗauke, hannuna ya kai kan bokitin ruwa har na ɗaga, sai 'yata ta aji uku a sakandare ta ƙwalla ƙara "Umma kar ki zuba!" Ta kashe gas ɗin, ta ɗauko faifan babbar tukunya ta tura shi a hankali ta gefe ta rufe kaskon ruf. Shi kenan fa, wuta ta mutu kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta ce kar a buɗe sai ya huce. Na ce ke wa ya koya miki? Ta ce 'yan kwana-kwana ne suka zo makarantarsu suka kunna wuta a rabin duro a fili suka nuna musu. Ranar da ruwa da dabino muka sha ruwa ƙosai ya zama gawayi, amma ga ni da fuskata. Don haka mai tambaya, ni sun min rana ba tare da motarsu ta zo ƙofar gidana ba.

Maman_Hanif:
Subhanallah Hajiya! Ni wlh da ruwan zan zuba. Me ya sa ba a zubawa?

Injiniya_Samaru:
Ruwa ya fi mai nauyi Maman Hanif, yana faɗawa sai ya nutse ƙasan kaskon, man kuma ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, take ruwan ya zama tururi ya kumbura ninki wajen 1,700 ya watso man mai ci da wuta sama, fuska da silin. Haka fetur, ruwa yawo kawai yake da shi. Wutar lantarki kuma ka zuba ruwa ba ka kashe mita ba ta ja ka. Wuta abu uku take so, zafi da abin ci da iska, ka hana ta ɗaya ta mutu. Yarinyar Hajiya iska ta hana ta.

Nas_Mai_Dare:
Tunda an zo nan, don girman Allah in mutum ya ƙone a daina fasa masa ƙwai, a daina shafa man goge baki ko manja ko gishiri ko bakin mai na inji. Abin da muke gani a wajen aiki ba daɗin faɗa, sai mun kankare duk wannan kafin mu ga ciwon, majinyaci na ihu. Ruwa mai sanyi na famfo ko randa, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara a wurin kamar minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle a taho asibiti. In tufa ta manne da fata a bar ta kar a ɓamɓare.

Goggon_Yara:
Ikon Allah, mu da ƙwai muka taso. Allah ya yafe mana.

Malam_Na_Tsangaya:
Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Gobara jarrabawa ce, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, amma shi ya ce mu yi riƙo da sababi, kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa kada a bar wuta a gida lokacin da za a yi barci. Yanzu muna cikin hunturu, kasko a ɗaki, maganin sauro na kunnawa a gefen katifa, yara na jin ɗumi da kara. Abin da ya faru a Ƙaura Namoda a Fabrairun 2025, almajirai 17 suka rasu a gobara cikin dare a makarantarsu, tun lokacin na hana kulle ɗakin yara ta waje, na kwashe karan da muke tarawa daga jikin ɗakin kwana na mayar can bayan fili. Ina roƙon 'yan uwana alarammomi su duba wannan.

Baba_Mai_Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke min ciwo. Yawancin gawar da na ɗauko a rayuwar aikina wuta ba ta taɓa su ba, hayaƙi ne. Za ka same su kwance kamar masu barci, ko a bakin taga sun riƙe ƙarfe. Wannan ƙarfen tagar da muke sawa don ɓarawo, a gida a bar ko taga ɗaya mai buɗewa da kwaɗo, makullin a rataye kusa inda kowa ya sani. In hayaƙi ya cika ɗaki a rarrafa, iska mai kyau tana ƙasa. In an fita an fita, kar a koma ɗauko takardu ko kuɗi. Gawayi kuma ko janareta a rufaffen ɗaki ba sai gobara ta tashi ba, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci kawai za a yi a zarce.

Ɗan_Dogarawa:
Ni abin da mutane ba su sani ba, ba wuta kaɗai suke yi ba. Daminar da ta wuce akuyar maƙwabcinmu ta faɗa tsohuwar rijiya, ƙaninsa ya ce zai shiga, aka ɗaura masa igiyar guga a ƙugu. Bai kai ƙasa ba muka ji shiru, ana kira ba amsa. Wani ya tuɓe riga zai bi shi, wani dattijo ya riƙe shi gam ya ce wlh ba ka shiga, a kira kwana-kwana. Allah ya sa da lambar wani ma'aikacinsu a wayar mai unguwa. Suka zo da tsani da igiya mai kauri, ɗaya ya goya tukunyar iska ya rufe fuska ya sauka, muna tsaye cirko-cirko uwar yaron na birgima a ƙasa. Da aka jawo shi jikinsa ya saki kamar tsumma, suka kwantar da shi suka yi ta aiki a kansa har ya yi tari. Yana nan da ransa yanzu haka yana sayar da rake. Suka ce tsohuwar rijiya sau da yawa ba iskar shaƙa a ƙasanta, wanda ya bi wani ba kayan aiki gawa biyu za a fitar.

Bakano_A_Kongo:
Akuyar fa?

Ɗan_Dogarawa:
An ci ta a unguwa? Ina, ta riga ta mutu, mushe ce.

Direban_Tanka:
Har haɗarin mota su ake kira su yanke ƙarfe a zaro mutum. Ni roƙona ɗaya ne ga matasanmu na bakin hanya, Dan Magaji, Kwangila har zuwa hanyar Kano. In tanka ta faɗi ku gudu, ku bar jarka. Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka tafi wajen kwasar fetur, ba a yi wata huɗu ba aka sake a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Wutar tanka ba ruwa ke kashe ta ba sai kumfa ta musamman, kuma ko mota goma ce a wurin ba abin da za su yi wa wanda ke tsaye cikin fetur har idon sawu. Ni da nake tuƙa ta ina tsoronta.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
Yunwa ce direba. Tun da aka cire tallafi a 2023 lita ɗaya ta zama abin da ta zama.

Direban_Tanka:
Na sani, ni ma a ƙasar nake. Amma mai yunwa yana iya ƙoshi gobe.

Maman_Hanif:
Ni gas ne ke tsorata ni wlh, ga masu sayarwa sun cika cikin unguwa, shago jikin shago da mai suya. Tun abin da ya faru a Sabon Tasha a Kaduna farkon 2020 da shagon gas ya fashe nake ɗar-ɗar. Ya ake gane tukunya na yoyo?

Hajiyar_Gyallesu:
Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunyar da jikin tiyon, in kin ga yana kumfa yana tashi to yana fita. Kar ki gwada da ashana don Allah, an yi mai wannan gangancin. In kin shiga kicin kin ji wari kar ki taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa, ki rufe tukunyar ki buɗe ƙofa da taga. Shi gas ɗin girki ƙasa yake kwanciya don ya fi iska nauyi. Duk a bakin 'yata na ji, ita ce malamarmu yanzu a gidan.

MaiShago_SG:
Baba tukunyar kashe gobara ɗin nan ja da ake ratayewa, wacce ya kamata mai shago ya saya? Akwai wata a shagona tun ta mai gidana marigayi, ban taɓa taɓa ta ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Wannan kam ta zama ado. Duba agogon da ke wuyanta, in allurar ba ta kan kore ba ta da amfani sai an sake cika ta. Sayi mai hoda, ita ke yi wa yadi da katako da fetur da kayan lantarki duka. Ka rataye ta kusa da ƙofa, ba can ƙuryar shago bayan kaya ba. Amfani da ita: zare fil ɗin, saita bakin a gindin wutar ba harshenta ba, matsa, ka riƙa kaɗawa dama da hagu. Daƙiƙu kaɗan take yi ta ƙare, don haka ta wutar da ta fara ce yanzu-yanzu. Ka ajiye bokitin yashi kuma, shi ba ya lalacewa. In kun haɗa kanku 'yan layi kuka je ofis kuka nema za a zo a nuna muku, aikinsu ne, sun fi son wannan da a taso su ƙarfe biyun dare.

Ɗalibar_ABU:
To duk an yi ta magana har yanzu ba wanda ya kawo lamba fa 😅

Injiniya_Samaru:
112 ita ce lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ce ko ba kati a wayarki. Cibiya ce ke ɗauka ta miƙa wa wanda abin ya shafa, shi ya sa yana da kyau a haɗa da lambar tashar da ta fi kusa da ku kai tsaye. Kuma in an kira a yi kwatance mai kyau, "bayan gidan Alhaji" ba kwatance ba ne. A faɗi unguwa da babbar alama, a tura yaro da mashin ya jira su a bakin titi.

Sarkin_Yaƙin_Muchiya:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, garin nan ya fi ƙarfin kayan aikin da ke cikinsa, kuma in ba mu yi ta surutu ba ba mai ƙarowa. Lokacin zaɓe kowa ya zo da buhun shinkafa, ba wanda ya taɓa tambayar ɗan takara motar kashe gobara nawa zai kawo. Amma zan sa lambar, ba don na sauka ba.

Bazazzagi_Na_Asali:
Ai kai ko a kabari sai ka yi gardama da Walakiri.

Admin_Zazzau:
To jama'a, kar kowa ya turo lambar da ya tsinta a Facebook, an sha yaɗa na bogi. Gobe in Allah ya kai mu zan biya ofishinsu da kaina in karɓo daga bakinsu in liƙa a saman gidan nan. @DanTudunWada in akwai yadda za a tallafa wa telan ka same ni ta gefe, ko keke ɗaya muka haɗa masa ya fara da shi.

DanTudunWada:
Na gode Admin, zan je wajensa bayan isha'i. Na biya ta wajen mai kemis kamar yadda Baba ya ce, na same shi yana goge kwalabe, ya ce shi da ya san inda direban yake da ya je ya biya kuɗin gilashin. Ni dai har yanzu in na tuna fuskar telan nan sai in ji wani iri, da an ce motar na kusa da mu ko da kekunan biyu an fitar. Baba wai in mun je ba da haƙuri za su saurare mu kuwa, ko kamo yaran za a ce a yi?

Baba_Mai_Ritaya:
Ku je da mai unguwa. Ku tafi da yaran ma, su ga inda mutanen ke kwana.

Goggon_Yara:
Laa an kawo wuta, bari in je na bar hita a bokiti tun safe